Bayosensa da awon sinadarai: ina aikin yake ga ɗalibin kimiyya a Kaduna?

A ƙarshen watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umarni da ya ɗage harajin kwastam da na VAT daga injuna da kayan haɗin da masana'antun lafiya ke shigowa da su, har da na kayan gwajin cuta na gaggawa irin tsinken maleriya. Manufar ita ce a riƙa ƙera irin waɗannan kaya a gida. Labarin ya sake tayar da tambayar da ɗaliban kemistiri da bayokemistiri a Zariya da Kaduna suka daɗe suna yi: in an gama karatun, wane aiki ake yi da shi? Su kuma iyaye galibi ɗauka suke duk wanda ya sa farar riga ya shiga ɗakin gwaji aikinsa ɗaya da mai ɗibar jini a asibiti. Ba haka ba ne. Hanyoyin karatun daban, hukumomin da ke ba da lasisi daban, kuma abin da ake biyan mutum dominsa ma daban.

Kalmomin guda biyu

Awon sinadarai, wanda a jami'a ake kira analitikal kemistiri, ilimi ne na amsa tambaya biyu game da kowane samfur: me ke cikinsa, kuma nawa ne? Samfurin na iya zama ruwan rijiya, garin masara, jini, ƙasar gona ko ƙwayar magani. Akwai tambaya ta uku da ɗalibai kan manta da ita, alhali ita ce ke raba gwani da ɗan koyo: wannan lamba da aka samu, har ina za a amince da ita?

Bayosensa kuwa ƙaramar na'ura ce mai sassa biyu a haɗe. Sashe na farko abu ne da aka samo daga mai rai, kamar enzayim (furotin mai saurin sarrafa wani sinadari) ko antibodi (furotin da garkuwar jiki ke kama ƙwayar cuta da shi) ko guntun DNA, wanda ke gane abu ɗaya tak a cikin dubban abubuwan da ke cikin samfur. Sashe na biyu shi ke juya wannan ganewar ta koma alamar da za a iya aunawa, ko dai wutar lantarki, ko launi, ko haske. Tushen fannin yana komawa ga Leland Clark, Ba'amurken da ya ƙera elektirod mai auna iskar oksijin, sannan a 1962 shi da Champ Lyons suka kawo dabarar ɗora masa enzayim don auna gulukos. Na'urar gwajin suga da ake sayarwa a kemis a Kawo ko Tudun Wada jikanyar wannan dabara ce.

To bayosensa reshe ne na awon sinadarai. Wanda bai iya awo ba ba zai iya tabbatar da cewa na'urar da ya ƙera tana faɗin gaskiya ba.

Abin da ke cikin tsinken gwaji

Idan aka fasa robar tsinken maleriya za a tarar da siririyar takarda mai gaɓa huɗu. Akwai wurin da ake ɗiga jini, kimanin maikirolita 5. Akwai ɗan auduga da aka busar da antibodi a kansa, an maƙala wa kowane ƙwayar zinare ƙanƙanuwa wadda ke ba da launin ja. Sai fatar naitiroselulos mai layi biyu da ido ba ya gani, sai audugar ƙarshe mai zuƙe ruwa. Ruwan da ake ɗigawa bayan jini yana fasa ƙwayoyin jinin ya tura komai gaba. In akwai furotin ɗin da ƙwayar maleriya ke fitarwa, wanda ake kira HRP2, antibodin mai zinare zai kama shi, su tafi tare, layin farko ya tare su, launi ya fito. Layi na biyu shaida ce kawai cewa ruwan ya bi takardar har ƙarshe. In bai fito ba, gwajin ya ɓaci, ko da layin farko ya yi jawur.

Kowace gaɓa tana da hanyar lalacewarta. Zafi na kashe antibodi, kuma yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30 ko 40, alhali shago mai rufin kwano a watan Afrilu kan wuce haka. In jini ya yi yawa takardar ta rine, layin ya ɓace a cikin ja. In an karanta bayan minti 15 zuwa 20 da aka ƙayyade ya wuce da nisa, layin ƙarya na iya bayyana. HRP2 kan zauna a jini makonni bayan an warke, shi ya sa wanda ya gama shan magani zai iya ganin tsinke ya nuna yana da cutar. Sannan akwai ƙwayoyin maleriyar da suka daina fitar da HRP2 gaba ɗaya. An fara ba da rahotonsu a Peru a 2010, kuma sun sa Eritiriya ta sauya irin tsinken da take amfani da shi. Bibiyar ko irin wannan ya fara yaɗuwa a wani yanki aikin mai bincike ne, kuma aiki ne da ba ya ƙarewa.

Na'urar suga tata matsalar daban. Enzayim da ke kan tsinkenta yana cin gulukos ya saki elektiron, na'urar ta auna wutar ta juya ta zuwa lamba. Ƙa'idar ISO 15197 ta 2013 ta ce kashi 95 cikin ɗari na sakamako su kasance ba su kauce wa na babban ɗakin gwaji da fiye da miligiram 15 a desilita ba idan suga bai kai miligiram 100 a desilita ba, ko kashi 15 cikin ɗari idan ya kai. Amma kaurin jini na shafar awon: mai ƙarancin jini, na'ura kan nuna masa suga sama da yadda yake. A yankin da sikila da maleriya suka yi yawa, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Abubuwan da suka nuna muhimmancin masu awo

Abu uku da suka faru a ƙasar nan sun isa misali. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara aƙalla 84, kuma Kaduna na cikin jihohin da abin ya shafa. An haɗa shi da dayetilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi da ke kashe ƙoda, a maimakon sinadarin da ya kamata. Ido ba ya bambanta su, hanci ma haka. Na'urar kuromatogirafi kuwa za ta raba su cikin ƙasa da awa ɗaya, da an gwada gangar kafin a zuba.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi amfani da ƙaramar na'urar hannu mai suna LeadCare, wadda iyakar awonta maikirogiram 65 ne a desilita ɗaya na jini. Yara da yawa sun zarce wannan iyaka, na'urar ta kasa ba da lamba, sai da aka samo dabarar sirka jinin da ma'auni sananne a sake aunawa, sannan aka gwada dabarar da sakamakon babban ɗakin gwaji. Don a gane girman abin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 ya kamata a fara neman inda gubar take shigowa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

A 2015 ɗin dai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari dikilobos, wanda iyakarsa a wurinsu miligiram 0.01 ne a kilo. Manomi da ɗan kasuwa ne suka ɗauki asarar, amma lamba ce ta jawo ta.

Aikin yau da kullum

Mai tunanin aikin nan zama ne gaban na'ura mai tsada ana danna maɓalli, to ya san cewa mafi yawan lokaci a kan shirya samfur yake tafiya, kuma mafi yawan kuskure a nan yake shiga.

A ɗauki awon dalma a ruwan rijiyar burtsatse. Ana ɗibar ruwan a robar da aka jiƙa a asid aka ɗauraye da tataccen ruwa, a ɗiga masa naitirik asid har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin robar kafin a iso ɗakin gwaji. Daga ruwan ma'auni mai miligiram 1000 a lita ake sirka matakai huɗu ko biyar, a auna su, a zana layin da za a riƙa gwada kowane samfur da shi. Ana haɗawa da kwalbar da babu komai a cikinta sai tataccen ruwa da asid, don a ga ko kayan aikin da kansu suna ɗauke da dalma. Ana kuma zuba sanannen adadi a cikin samfur ɗaya a ga nawa za a dawo da shi. In ya faɗi ƙasa da kashi 80 ko ya haura 120, akwai abin da ke damun awon. Na'urar AAS mai harshen wuta, wadda ake auna ƙarafa irin dalma da ita, tana buƙatar iskar asitilin da fitila ta musamman ga kowane ƙarfe.

Ga inda ɗalibai da yawa ke faɗawa rami. Iyakar dalma a ruwan sha a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ce a lita. AAS mai harshen wuta da ƙyar take ganin dalma a wannan mataki, sai an tattara samfurin ya yi kauri, ko a koma ga mai murhun girafait, ko ICP-MS mai shan iskar agon. Duk da haka ana ganin kundin kammala karatu cike da lambobin da suka yi ƙanƙanta fiye da abin da na'urar da aka ambata za ta iya gani. Irin wannan sakamako ba ya nuna ruwan na da guba, ba ya kuma wanke shi. Mai ɗaukar ma'aikata da ya san aikin, tambayarsa ta farko ita ce mene ne mafi ƙanƙantar abin da hanyarka ke iya ganowa, kuma yaya ka lissafa shi.

Masara ta fi wannan wuya. Gubar afulatoksin, wadda funfunar Aspergillus flavus ke samarwa a masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, ba ta bazuwa daidai a buhu. Ƙwara kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkanta. Wanda ya tsoma hannu a bakin buhu ɗaya a kasuwar Saminaka ya ɗebo tafi guda, ko da na'urarsa ta fi ta kowa, sa'a ya gwada. Ƙa'idar Turai ga babban lodin hatsi ita ce a ɗiba a wurare 100 a tara kilo 10, a niƙa duka, a cakuɗa, sannan a ɗauki 'yan giram. Daga nan ake jiƙa garin a ruwa mai metanol ko etanol, a tace, a tsoma tsinke ko a kai na'urar kuromatogirafi ta HPLC. Iyakar Turai ga gyaɗar da za a ci kai tsaye maikirogiram 4 ce a kilo. Maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar yana rage gubar tun a gona, amma mai saye a waje takardar awo yake son gani.

Sai matsalolin wuri: ɗaukewar wuta a tsakiyar gudu na HPLC na nufin a sake daga farko, wani lokacin har da lalacewar kolum, wato bututun da ke raba sinadaran; ƙurar hunturu tana shiga ko'ina; enzayim da antibodi suna son sanyin digiri 2 zuwa 8 ko ƙasa da haka, kuma sukan yi makonni a hanya kafin su fito daga kwastam. Ɗakin gwajin da ba shi da inbata da firij mai tsayayyen sanyi, binciken bayosensa a cikinsa asarar kuɗi ne.

Yadda ake haɗa bayosensa a matakin digiri na biyu

Aikin da ya fi yiwuwa da ƙaramin kuɗi shi ne na lantarki. Ana buƙatar ƙaramar na'urar potenshiyostat mai auna wutar da ke fitowa, da tsinken kabon da aka buga da elektirod uku: mai aiki, mai taimako, da na ma'auni mai azurfa. Ana narka enzayim gulukos oksides a ruwan fosfet mai pH kusan 7, a ɗiga maikirolita kamar 5 a kan elektirod mai aiki, a ɗaure shi da gulutaraldehaid kaɗan ko kaitosan, a bar shi ya bushe a firij. In ɗaurin ya yi yawa enzayim ya mutu, in ya yi kaɗan ya wanke a gwaji na biyu. Sannan a auna wutar da ke fitowa a matakan gulukos daban-daban.

Har nan kowa na iya kaiwa, kuma a nan yawancin kundaye ke tsayawa. Abin da ya rage shi ne ainihin aikin. Bitamin C da yurik asid da farasitamol duk suna ba da wuta a ƙarfin lantarkin da ake auna haidurojin feroksaid ɗin da enzayim ke samarwa da shi, kimanin bolt 0.6, don haka sai an sa shinge irin Nafion ko sinadarin da zai sauke ƙarfin. Furotin ɗin jini na toshe fuskar elektirod. Tsinke goma da aka haɗa rana ɗaya dole su ba da amsa kusan ɗaya, kuma su sake bayar da ita bayan wata uku a zafin ɗaki. Na'urar da ta yi kyau a tsaftataccen ruwan gwaji, ta kasa a jini ko fitsari ko ruwan Kogin Kaduna, takardar mujalla kawai za ta haifar.

Karatu da lasisi

Digirin kemistiri, indastiriyal kemistiri ko bayokemistiri shekara huɗu ne, da watannin koyon aiki na SIWES a ciki. Inda ɗalibi ya yi SIWES ɗin ya fi makin da ya samu a aji tasiri wajen neman aikin farko, domin a nan ne yake taɓa na'ura da hannunsa. Bincike na ƙashin kai sai da digiri na biyu, jagorantar ɗakin bincike kuwa sai da digirin digirgir. Masu difloma ta fasahar ɗakin gwaji daga kwalejin kimiyya da fasaha su ne ke riƙe da na'urorin a zahiri, kuma cibiyar NISLT da ke Ibadan ce ke yi musu rajista.

Iyakar da ke rikita mutane ita ce ta asibiti. Gwada jinin majinyaci a ba da sakamakon da likita zai yi aiki da shi hurumin masu digirin kimiyyar gwaje-gwajen lafiya ne, karatun shekara biyar da shekarar horo, ƙarƙashin hukumar MLSCN. Mai digirin kemistiri zai iya ƙera tsinken, ya tantance shi, amma ba zai buɗe ɗakin gwajin jini a unguwa ba. Nasa hukumomin su ne ICCON mai rajistar masana kemistiri, da IPAN mai ba da lasisin sa hannu a takardar awon abinci, magani, ruwa da kayan shafa, irin takardar da ake gabatar wa NAFDAC. Banda waɗannan, sanin ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta ingancin ɗakin gwaji da ƙididdiga da ɗan rubutun manhaja na buɗe ƙofa fiye da ƙarin satifiket na taron bita.

Wuraren aikin

Jihar Kaduna ta fi yawancin jihohin Arewa tarin cibiyoyin da suka shafi fannin. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta binciken makamashi, CERT, inda ƙaramin riyakton nukiliya na bincike, NIRR-1, ke aiki tun 2004 wajen gano ma'adinai a ƙasa, dutse da abinci. Akwai cibiyar fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ta binciken noma IAR a Samaru, ta binciken dabbobi NAPRI a Shika, da cibiyar fasahar fata. A cikin Kaduna akwai ɗakin gwajin NAFDAC, cibiyar binciken cutar sammore da barci ta NITR, cibiyar albarkatun ruwa a Mando, Jami'ar Jihar Kaduna, NDA da Kadpoly. Matatar mai, wadda aka buɗe a 1980 kuma ta kasance babbar mai ɗaukar masana kemistiri, ta daɗe ba ta tace mai yadda aka gina ta.

Guraben gwamnati kaɗan ne kuma ba kullum ake buɗe su ba. Inda ƙofa ta fi sauƙi shi ne sashen kula da inganci a masana'antun abincin kaji, taki, man girki, lemo da ruwan leda, da wajen masu fitar da citta da riɗi. Akwai kuma sana'ar da ba a cika kulawa da ita ba: girka na'urori da gyaransu. Na'urori masu tsada da dama suna lulluɓe a dakunan gwaji saboda fitila ɗaya ko famfo ɗaya, ana jiran injiniya daga Legas.

Inda ra'ayi ya rabu

Wasu malamai na ganin ya kamata a zuba kuɗin bincike, irin na TETFund, a ƙirƙirar sababbin na'urori: na gano gubar maciji, na cutar sammore a shanu, na maganin ƙwari a wake. Hujjarsu ita ce kamfanonin waje ba za su ƙera abin da kasuwarsa talakawa ne ba, kuma cututtukan nan namu ne. Wasu kuma na cewa giɓin da ya fi cutar da jama'a yanzu shi ne rashin masu tantance abin da ya riga ya shigo kasuwa, kuma ƙirƙira ba ta da amfani matuƙar antibodi, fatar naitiroselulos da ƙwayar zinare duk da dala ake sayo su. Umarnin 2024 ya rage kuɗin shigo da waɗannan kaya, bai samar da su a gida ba, don haka masana'antar farko za ta fi zama ta harhaɗawa da marufi. Ko ita ma tana buƙatar masu awo: Hukumar Lafiya ta Duniya na gwada tsinken maleriya da jini mai ƙwayar cuta 200 a maikirolita, kuma sai ya ci aƙalla kashi 75 kafin ta amince a saye shi, sannan kowane rukunin da aka fitar sai an sake duba shi.

Batun fita waje karatu ma haka. Tallafin Commonwealth, DAAD ta Jamus, TWAS da PTDF na kai mutum inda kayan aiki suke. Abin da ake yawan gani shi ne wanda ya ƙware a na'urar da babu irinta a gida yakan dawo ya rasa abin taɓawa, yayin da wanda ya koyi hanyar lantarki ko ta takarda yakan ci gaba da aiki da kayan da za su shiga jakar hannu.

Abin da zai shafi mutumin gari

Idan harhaɗa tsinke a gida ya kankama, farashi zai rage bin hawa da saukar dala, kuma kaya za su rage daɗewa a tashar jirgin ruwa cikin zafi. Sai dai yawan kaya a kasuwa ba tare da masu duba su ba yana nufin ƙarin sakamakon ƙarya: a ba yaro maganin maleriya alhali taifot ko wata cuta ke damunsa, ko mai ciwon suga ya ƙara allurar insulin bisa lambar da ta zarce gaskiya. Manomin masara a Lere da na citta a Kachiya kuwa, samun ɗakin gwaji mai shaidar inganci a kusa shi ne zai ba su damar sayarwa ga kamfani kai tsaye, maimakon a ƙi kayansu bayan mota ta riga ta kai su.

Ga mai sayen tsinke a kemis, abu huɗu ne a hannunsa: ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya ƙi leda mai huji ko wadda aka shanya a rana, ya yi amfani da ruwan da ya zo a cikin kwalin ba na wani kwali ba, ya kuma rufe gwangwanin tsinken suga nan take bayan ya zaro ɗaya, domin laimar damina na lalata enzayim ɗin tun kafin ranar da aka buga a jiki.